Rediyon Jiha, Na Gwamna Ne Ko Na Jama'a?



A tsakiyar watan Oktoban 2022, ana cikin zafin yaƙin neman zaɓe, gwamnatin Jihar Zamfara ta ba da umarnin a garƙame wasu kafofin yaɗa labarai a Gusau. Laifinsu shi ne sun je sun ɗauko taron jam'iyyar PDP, alhali gwamnati ta ce ta dakatar da tarukan siyasa saboda matsalar tsaro. Cikin waɗanda aka rufe akwai Gamji da Al'umma, masu zaman kansu, kuma wannan bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya sa mutane suka riƙe baki shi ne har da NTA Gusau da Pride FM, duka biyun mallakar gwamnatin tarayya, a lokacin da APC ke mulki a Abuja, ita ce kuma ke mulki a Gusau. Tashar gwamnati ta nuna 'yan adawa na yini guda, sai ga 'yan sanda a ƙofarta. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta fito ta ce gwamna ba shi da wannan hurumi, ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi ca, bayan 'yan kwanaki gwamnatin ta janye umarnin ta ba da haƙuri. Wata biyar bayan haka, Dauda Lawal, wanda aka so a ɓoye taronsa, ya kayar da Gwamna Bello Matawalle.

Na ɗauko wannan ne domin ya fito da abin da masu mulkinmu suka ɗauka a ransu. A wurinsu, gidan rediyo ko talabijin da aka gina da kuɗin baitulmali wani sashe ne na fadar gwamnati, kamar ofishin mai magana da yawun gwamna. In ya ba ɗan adawa makirufo, to ya ci amana. Kuma wannan tunani ya girmi APC, ya girmi PDP, ya ma girmi Najeriya mai 'yanci.

A 1953, lokacin da rikicin tsarin mulki ya ɓarke bayan ƙudurin neman mulkin kai, Gwamna John Macpherson ya shiga rediyon gwamnatin mulkin mallaka ya caccaki jam'iyyar Action Group. Jagoranta Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani, aka hana shi. Bai manta ba. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohin wancan zamani ikon kafa nasu tashoshin, sai gwamnatin Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Gabas ta bi sahu a 1960, Arewa kuma ta buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Abin alfahari ne, babu musu. Amma ku lura da inda zancen ya karkace. Mutumin da aka hana fili bai nemi a kafa doka da za ta tilasta a ba kowa fili ba. Ya gina nasa gidan ne, inda shi ma zai zaɓi wanda zai yi magana. A Arewa kuwa, tsofaffin 'yan NEPU da suka rage a raye za su ba ku labarin yadda muryar Malam Aminu Kano ta fi samun wuri a jaridar Comet ta Kano da filin lacca fiye da rediyon gwamnatin NPC.

Jamhuriya ta biyu ita ce ta kai abin ƙarshe. Sojoji sun haɗe gidajen talabijin wuri guda a ƙarƙashin NTA a 1977, suka sake fasalin rediyon tarayya ya zama FRCN. Da farar hula suka karɓa a 1979, waɗannan manyan kafofi suka faɗa hannun NPN. Gwamnonin adawa suka ga ba a nuna su sai in za a kushe su, sai kowa ya nemi mafita irin ta Awolowo. Lateef Jakande ya kafa talabijin ta Jihar Legas. Abubakar Rimi ya kafa jaridar Triumph da tashar CTV a Kano, wadda yau ake kira ARTV. Ita ma gwamnatin tarayya ta shiga buɗe tashoshin rediyonta a cikin jihohi domin ta amsa wa gwamnoni a ƙofar gidansu. Kafin zaɓen 1983, mai sauraro a gari guda zai murɗa nan ya ji an ce jihar ta zama aljannar duniya, ya murɗa can ya ji an ce ta rushe, kuma duka tashoshin biyu da harajinsa ake saya musu mai.

Zamanin soja ba sai na daɗe a kansa ba. Doka ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari. A watan Maris na 1998, talabijin ta ƙasa ta ɗauko gangamin roƙon Janar Abacha ya zarce tana nunawa, yayin da masu adawa da shi sai daga ƙetare suke watsa shirye-shiryensu ta Rediyo Kudirat. Soja dai bai taɓa yi wa kowa alƙawarin adalci a makirufo ba. Waɗanda suka yi alƙawarin su ne 'yan siyasar da suka zo daga 1999, su kuma ya kamata mu riƙe.

To me suka yi? Ana gab da zaɓen 2015, an nuna wani dogon shiri na ɓata sunan Janar Muhammadu Buhari a AIT da kuma NTA. 'Yan APC suka yi kururuwa, suka ce an mayar da tashar ƙasa karen farautar PDP, kuma gaskiyarsu ce. Tawagar Tarayyar Turai da ta sa ido a zaɓen ta rubuta cewa kafofin gwamnatin tarayya sun karkata ga jam'iyya mai mulki. Shekara huɗu bayan nan tawagar ta dawo, ta sake rubuta kusan magana iri ɗaya, sai dai sunan jam'iyyar da aka fifita ya canja, ta kuma ƙara da cewa rediyoyin jihohi gwamnoninsu suke yi wa hidima. Masu kukan jiya suka zama masu murɗa makunni, masu murɗawar jiya suka koma kiran taron manema labarai suna kukan an danne su. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Mai sauraro, kada ka zaci son kai a gidan rediyon gwamnati yana zuwa ne da ƙarya tsagwaronta. Da wuya ka kama su da ƙarya. Abin ya fi haka dabara, kuma ka saba da shi har ka daina jin sa. Saurari labaran ƙarfe bakwai na jiharku, kowace jiha ce. Labari na farko, mai girma gwamna ya karɓi baƙuncin wata tawaga. Na biyu, mai girma gwamna ya yi kira ga jama'a. Na uku, uwargidan gwamna ta raba kayan tallafi. Sai mataimakin gwamna, sai kakakin majalisa, sai wani kwamishina da ya jinjina wa gwamna, sai wata ƙungiyar da ba ka taɓa jin sunanta ba ta yaba da hangen nesan gwamna. An jera labarai bisa girman kujera, ba bisa nauyin abin da ya faru ba. In a ranar ambaliya ta cinye ƙauye, labarin zai shigo ne ta ƙofar gwamna ya jajanta. In malaman makaranta sun shiga yajin aiki, ba za ka ji dalilinsu ba, sai dai ka ji gwamnati ta roƙe su su koma bakin aiki. In 'yan bindiga sun kwashe mutane, za ka ji an ce hukumomi sun shawo kan lamarin, kai kuwa ɗan'uwanka yana daji.

Idan kakar zaɓe ta zo, sai a ƙara wasu hanyoyi. Taron jam'iyyar gwamna ana ɗaukarsa kai tsaye na sa'o'i, a ce ai aikin gwamnati ne, buɗe hanya ake yi ko raba takin zamani, sai dai kowa a filin hular jam'iyya ce a kansa. Ɗan adawa in ya zo, a miƙa masa takardar farashi, a ce kuɗi hannu. In ya biya, a ce sai an saurari faifan tukuna. In an saurara, a ce akwai kalaman tunzura jama'a. In babu, a sa shi a lokacin da gari ya yi barci. Wani lokaci ma ana tsakiyar hira sai wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi sai da baƙon ya kama hanyar gida. A shirin kiran waya, wanda ya fara da yabo a bar shi ya baje kolinsa, wanda ya fara da ƙorafin ruwan famfo sai ka ji mai gabatarwa ya ce, ayya, layin ya yanke.

Ba na son a ɗora wannan kaya a kan ma'aikata kawai. Gidajen rediyon gwamnati sun haifi gwanayen da har gobe ake koyi da su, kuma shirye-shirye irin su Hannu Da Yawa na Rediyon Kaduna sun nuna cewa ana iya zaunar da mai mulki a yi masa tambaya mai zafi a tashar gwamnati. Amma ku dubi inda aka ɗaure ɗan jaridar. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin NTA da FRCN da Muryar Najeriya da kamfanin dillancin labarai na ƙasa. Gwamna ne ke naɗa shugaban rediyon jiha, shi ne kuma ke sauke shi da sanarwar layi biyu. Albashi daga gwamnati yake zuwa, man janareta sai an rubuta takarda zuwa fadar gwamnati, na'urar watsa shiri in ta lalace sai gwamna ya sa hannu. Editan da ya sa labarin ɗan adawa a gaba ba a cika korarsa ba. Ana dai yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ma'aikata inda zai zauna ba teburi ba aiki, sauran abokan aikinsa kuma su ɗauki darasi. Bayan 'yan shekaru babu ma bukatar wani ya bugo waya daga sama. Kowa ya san abin da ba a so, ya cire shi da hannunsa tun kafin a tambaya.

Abin takaicin shi ne doka tana nan, ba ta ɓuya ba. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, bai kuma ware na gwamnati ya ce ban da su ba. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana a yi amfani da kafofin gwamnati don fifita wata jam'iyya ko danne wata, ya ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara, a kuma irin sa'o'i guda. Har tara ya yanka, naira miliyan 2 a karon farko, miliyan 5 in an sake, jami'an gidan kuma miliyan 1 ko ɗaurin wata shida. To amma wa zai kai ƙara, wa zai gurfanar? Kuma miliyan 2 mene ne a wurin gwamnan da ke neman zarcewa? Ko kuɗin fastocin ƙaramar hukuma ɗaya bai kai ba.

Sai mu zo kan mai tsawatarwa. An kafa NBC a 1992 zamanin Janar Babangida, ita ce ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003. Amma shugabanta shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, lasisin tasha ma sai da amincewar shugaban ƙasa, haka sashe na 39 na tsarin mulki ya tanada. Alƙalin wasa ke nan da ya shigo fili sanye da rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. Ku bi sawun bulalarta ku gani. A 2019 ta dakatar da lasisin AIT da Raypower, sai da kotu ta shiga tsakani. A 2020 ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan 3 kowannensu kan zanga-zangar EndSARS. A 2022 ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM, ta kuma ci tarar Trust TV miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar daji. A 2023 ta ci tarar Channels miliyan 5 kan hirar da ta yi da Datti Baba-Ahmed. Ban ce duk wanda aka hukunta wankakke ne ba. Tambayata ita ce, ina irin wannan zafin nama yake idan rediyon jiha ya shafe wata uku yana kiɗan gwamna safe da yamma, bai ko ambaci sunan abokin takararsa ba? A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tarar kowa. Hukuncin ya rage mata kaifi, amma bai canja wanda take kallon fuskarsa ba.

Wani zai ce, to ai yanzu tashoshi masu zaman kansu sun cika gari, a bar wa gwamna nasa ya yi ta busa. Ni ban yarda ba. Da yawa daga cikin tashoshin nan 'yan siyasa ne suka mallake su, ko 'yan kasuwar da kwangilarsu ke hannun gwamnati. Waɗanda ba haka ba kuma da sayar da fili suke rayuwa. Daga nan ne sojojin baka suka samu gindin zama, musamman a Kano, inda uban gida zai saya wa yaronsa minti biyar ya shiga ya yabe shi, ya zage abokin hamayya tas, gobe in ciniki ya canja ya koma ɗaya ɓangaren da irin wannan karsashi. Mutane na jin daɗin saurare, ni ma nakan yi dariya, amma wannan kasuwar murya ce, mai kuɗi ke shiga. Manomin da aka cinye wa taki da matar da ta kwana a layin asibiti ba su da kuɗin minti biyar. Gidan da ya kamata su shiga kyauta shi ne wanda aka gina da harajinsu, shi ne kuma aka kulle musu.

Su ma masu zaman kansun ba su tsira ba. A watan Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, tana kafa hujja da zage-zage da cin mutunci. Zagin gaskiya ne, ya kuma wuce gona da iri, amma gwamnati mai ci ɓangare ce a rigimar, bai kamata ita ce za ta yanke wa zai yi magana ba. Bayan 'yan watanni Gwamna Umaru Bago na Jihar Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna. A lokacin, jam'iyyun gwamnonin biyu daban, halin ɗaya.

Masu mulki ba sa lissafa asarar da suke jawo wa kansu. Tashar da ta saba da yabo kullum, ranar da ta faɗi gaskiya ma ba a yarda da ita. Ranar da gwamnati ke bukatar a gaskata ta, kan allurar rigakafi, ko ɓarkewar amai da gudawa, ko gargaɗin ambaliya, sai talaka ya ce ai rediyon gwamnati ne, ya jira ya ji daga London. Tun 1957 sashen Hausa na BBC ke wannan ciniki da kunnuwanmu, Jamus da Amurka da Faransa suka biyo baya. Abin kunya ne a ce mutumin Gusau sai ya kama tashar Turai kafin ya san abin da ya faru a Tsafe. Kuma jingina da na waje ba tabbas. A Nijar, gwamnatin soja ta dakatar da RFI a watan Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Muryar Amurka kuwa gwamnatin Amurka ce da kanta ta tsuke mata baki a watan Maris na 2025, sashen Hausa ya yi tsit. Ita kanta BBC ba waliyyiya ba ce: a 2023 shugaban hukumar gudanarwarta, Richard Sharp, ya ajiye aiki bayan an gano bai bayyana rawar da ya taka wajen nema wa Firaminista Boris Johnson hanyar rance ba. Sai dai can abin ya kai ga murabus, nan kuwa da ƙarin girma za a saka masa.

Ba sai mun je Turai neman misali ba, ga Ghana nan kusa. A 1993 gidan rediyo da talabijin na ƙasar, GBC, ya ba jam'iyyar Shugaba Rawlings fili ta kare kasafin kuɗinta, jam'iyyar adawa ta NPP ta nemi irin wannan fili aka hana ta. Ba ta ce bari mu jira mu hau mulki mu rama ba. Kotun ƙoli ta nufa, kotun kuma ta ce GBC ta saɓa wa tsarin mulki, dole ta ba su fili. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya wajabta wa kafofin gwamnati su ba mabambantan ra'ayoyi dama, ya kuma ɗauke naɗin hukumomin gudanarwarsu daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, ya ba wata hukumar yaɗa labarai da ƙungiyoyi daban-daban ke tura wakilai cikinta, ita ke naɗawa bayan ta tuntuɓi shugaban. Har yau 'yan Ghana na ƙorafi da GBC, amma editan can yana da bangon da zai jingina in waya ta yi ƙara.

Irin wannan bango muke bukata, kuma majalisun dokoki ne za su gina shi. A cire naɗin shugaban rediyon jiha da na NTA da FRCN da NBC daga aljihun mutum ɗaya, a ba su wa'adin da ba a tsige su sai da dalili a gaban majalisa. A yanka musu kasonsu a kasafin kuɗi ya riƙa shiga kai tsaye, kada man janareta ya zama linzami. A tilasta wa kowace tashar gwamnati, a kakar zaɓe, ta riƙa bayyana wa jama'a duk mako mintunan da ta ba kowace jam'iyya da abin da kowa ya biya. Wanda aka soka a tashar gwamnati kuma a ba shi damar amsawa a shiri guda, a lokaci guda, ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Na san gwamna mai ci ba zai kawo wannan ƙuduri da kansa ba. Shi ya sa maganata ta ƙarshe take wurin 'yan adawar yau, da ku masu zaɓe. Ku 'yan adawa, in an hana ku fili, ku tafi kotu da dokar zaɓe a hannunku, kada ku tsaya a taron manema labarai. Ku kuma jama'a, duk ɗan takarar gwamna ko na majalisa da ya zo ƙofarku yana kukan rediyon jiha ya toshe masa baki, ku ce masa ya rubuta ya sa hannu, a gaban shaidu, cewa in ya hau zai miƙa wa majalisa dokar da za ta raba gidan rediyon da ofishinsa a shekararsa ta farko. Wanda ya ƙi sa hannu, kun san abin da zai yi da makirufon in ya shiga hannunsa.